Ta yaya ake auna shafin intanet na gidan talabijin na gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin aikin jarida a nan Jos, ina shekarar ƙarshe. Kundina a kan shafin intanet na wani gidan talabijin na gwamnati ne, an ce in auna tsarinsa da sauƙin amfani da shi. Na shirya takardar tambayoyi da zan raba wa mutum 200 su faɗi ko shafin ya yi kyau ko bai yi ba. Shin wannan ya wadatar? In bai wadatar ba, me zan duba, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Bai wadatar ba, kuma ina ba ki shawara ki dakata da buga takardun nan tukuna. Mu mutane ne masu kara. Ki tsayar da dattijo a kasuwar Terminus ki ce masa, "Baba, shafin nan ya yi kyau?" Zai dube ki ya ga 'yar makaranta ce mai neman ilimi, ya ce "ya yi, Allah ya yi albarka", ko da bai taɓa buɗe shi ba. Za ki tara amsa 200, ki zana jadawali mai launi, wataƙila ma ki sami maki mai kyau, amma ke da gidan talabijin ɗin babu wanda zai san inda shafin yake gasa wa mutane aya a hannu. Abin da za ki yi shi ne ki miƙa wa mutum aiki, ki zauna kusa da shi, ki kalli yatsansa a kan wayarsa. Gani ya kori ji.

Ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi dogara da shi, wato ISO 9241-11, abu uku yake tambaya: mutum ya cim ma abin da ya zo nema? Me ya kashe kafin ya cim masa? Da wane irin rai ya tashi? Kin ga babu maganar ado a ciki. A wajenmu kuma tambaya ta biyun ba ta tsaya ga lokaci ba, ta haɗa da data da cajin waya, waɗanda duk kuɗi ne.

Kafin ki taɓa shafin, ki zaunar da abu ɗaya a ranki, domin shi zai juya miki duk aikin. Gidan talabijin na ɗan kasuwa yana da damar zaɓen waɗanda yake so su kalle shi. In ya ce masu kuɗin Abuja da Legas yake nema, babu mai tuhumarsa. Na gwamnati kuwa da kuɗin baitulmali ake tafiyar da shi, kuma mai tura baro a Farin Gada yana da haƙƙi a kansa daidai da kwamishina. Ke 'yar Jos ce, kin san garin nan yana da tarihi a harkar: gidan talabijin na Benuwai-Filato da aka buɗe a 1974 shi ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya a 1975, kafin dokar 1977 ta haɗe gidajen talabijin ƙarƙashin NTA. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield, kuma a nan Jos aka fara ƙaddamar da komawa tsarin dijital ranar 30 ga Afrilu, 2016. A zamanin eriya, duk wanda ya ɗaura ƙarfensa a kan rufi hoto ɗaya yake kama da na attajiri. A intanet ne aka fara bambanta mutane: mai babbar waya da wayifai a ofis yana ganin shafi ɗaya, mai ƙaramar Itel da sabis mai zuwa yana ɗaukewa yana ganin wani daban, in ma ya buɗe masa ke nan. To shafin gidan gwamnati ana auna shi ne daga hannun na biyun. In ya yi masa aiki, zai yi wa kowa.

Sai ki gano abin da ke kawo mutane. Kada ki yi tsammani, ki je ki tambaya. Mutumin da ke zaune a teburin karɓar baƙi na gidan talabijin ɗin ya fi kowa sani, domin shi ake yi wa tambaya ɗaya sau goma a wuni. Ki kuma karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyoyin gidan a Facebook. Bisa abin da na saba gani, buƙatun ba sa wuce kaɗan: a kalli tashar kai tsaye, a san ƙarfe nawa ake sa wani shiri, a nemo labaran jiya da aka rasa saboda ɗauke wuta, a tabbatar da wata sanarwa da aka ji a gari, da kuma sanin yadda ake ba da talla ko cigiya ko sanarwar rasuwa da nawa ake biya. Tarihin shugaban gidan da jerin hotunan daraktoci ba sa cikin abin da ke kawo talaka, amma sau da yawa su ne suke cinye saman shafin. Ki ɗauki hoton shafin farko a waya, ki ƙirga hotunan manyan gwamnati da ke ciki, ki ƙirga labaran da suka shafi ruwa, makaranta, farashin dankali da hanya. Wannan ƙidayar kaɗai za ta gaya miki wa aka yi wa shafin.

Waɗannan buƙatu su za ki mayar ayyukan gwaji. Yadda kika faɗi aikin yana da muhimmanci. In kika ce "danna maɓallin jadawali", kin ba da amsa da bakinki. Cewa za ki yi, "An gaya maka akwai shirin noma da ake yi da Hausa a tashar nan, kana so ka san ranar da ake sa shi da lokacin. Nemo mini." Ki bar mutum ya yi da tasa wayar, a wajen sana'arsa ko a ƙofar gidansa, ke ki saya masa datar. Ki nemi izininsa tun farko, ki gaya masa a fili cewa shafin ake jarrabawa, ba shi ba, kuma duk lokacin da ya gaji yana iya bari. Ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani yana dannawa. Daga nan sai abu mafi wuya: ki kame bakinki da hannunki. Za ki ga maɓallin yana gabansa yana wuce shi, zuciyarki za ta ce ki nuna masa. Kina nunawa kin ɓata gwajin.

Ba kya buƙatar mutum 200. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe a wannan fage, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, domin daga na huɗu zuwa na biyar abu ɗaya za ki riƙa gani yana maimaituwa. Sai dai wannan lissafi na mutane iri ɗaya ne, masu kallon gidan gwamnati kuma ba iri ɗaya ba ne. Don haka ki yi rukuni-rukuni: ɗalibai biyar, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu biyar, matan aure biyar a cikin gida, dattawa biyar, sannan masu larurar gani da ta ji. Ki tabbata kin ratsa unguwanni, kada ki tsaya a bakin jami'a. A kowane aiki ki rubuta ko ya kammala, daƙiƙa nawa ya ɗauka, sau nawa ya ɓace hanya, megabait nawa suka tafi, da kalaman da suka fito daga bakinsa. Wayoyin Android suna nuna datar da kowace manhaja ta ci, ki duba kafin a fara da bayan an gama.

Bari in nuna miki yadda abin yake kasancewa. Na taɓa zama da wani tela a shagonsa muna gwada shafin gidan talabijin na wata jiha. Wayarsa Tecno ce, gilashin ya tsage daga kusurwa, ya ajiye almakashi ya goge hannu a jikin riga. Na ce masa ana labarai yanzu, ya buɗo mini su. Shafin ya ɗauki lokaci yana fari fat, sannan wani ƙaton hoto na jami'ai suna yanka ƙyalle ya cika allon, ya zame, wani ya maye gurbinsa. Ya gangara ƙasa ya ga hoton mai karanta labarai, ya danna fuskarta, babu abin da ya faru, hoto ne kawai. Ya sake kai yatsa zai danna wani rubutu, daidai lokacin talla ta faɗo ta tura komai ƙasa, yatsan ya sauka a kan tallar, ta kai shi wani shafi daban. Maɓallin kallon kai tsaye yana nan, amma an ɓoye shi cikin 'yan layuka ukun nan na kusurwar sama, kuma da Turanci. Bai taɓa su ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar yana murmushin kunya ya ce, "Malam, ni ne ban iya ba, ka san ba mu yi boko mai nisa ba." Mutumin nan yana tura kuɗi ta waya, yana karɓar hoton ɗinki daga kwastomominsa ta WhatsApp kullum. Ya iya waya sarai. Shafin ne ya kasa, shi kuma ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Da takardarki aka ba shi, "ya yi kyau" zai zaɓa. Wannan magana tasa ita ce ta fi ci mini rai a duk aikin, domin gidan da aka gina da kuɗinsa ya sa shi jin cewa shi jahili ne.

Kallon kai tsaye shi ne zuciyar shafin talabijin, a nan za ki fi daɗewa. Daga buɗe shafi zuwa fitowar hoto da murya, dannawa nawa ne? In ya wuce biyu akwai gyara. Sannan ki yi lissafin data, domin a nan ake korar talaka ba tare da an ce masa tafi ba. Bidiyon da ke gudu a kan megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa ɗaya (megabit 8 ne ke yin megabait 1). Hoto mai tsabta na 720p yakan buƙaci wajen megabit 2.5, wato sama da gigabait 1 a awa. Ƙaramin hoto da ke gudu a kan kilobit 400 zai ci megabait 180, murya zalla a kan kilobit 48 kuma ba ta wuce megabait 22 ba. Ki dubi tazarar da ke tsakanin megabait 22 na murya da wajen 1,100 na 720p, ki tuna cewa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka ki duba: mai kallo yana iya rage girman hoton da kansa? In sabis ya yi rauni, bidiyon yana sauka zuwa ƙaramin hoto ya ci gaba, ko tsayawa yake yi yana juyawa? Akwai hanyar sauraren labarai da murya kawai, a sa wayar a aljihu ana aiki? Bidiyo yana tashi da kansa da zarar an buɗe shafi? Wannan na ƙarshen ni a wajena babban laifi ne, domin an ci kuɗin mutum ba da yardarsa ba. Ki gwada da safe, ki gwada da ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ke kan layi, ki gwada ranar da ake wani babban taro ko jawabin gwamna. Ki kuma lura da abin da shafin ke nunawa in tashar ta katse. Baƙin allo shiru yana sa mutum ya zaci wayarsa ce ta lalace, ya yi ta kashewa yana kunnawa. Layi ɗaya da ke cewa an sami tangarɗa, a dawo an jima, ya isa.

Gidaje da yawa bidiyon YouTube ko Facebook suke liƙawa a shafinsu. Ban ga aibu ba, domin ya fi araha kuma ya fi jure cunkoso. Aibun shi ne a mayar da can gida, a bar shafin kansa kango. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ranar 4 ga Oktoba, 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na wajen awa shida a duniya baki ɗaya. Ki tambayi kanki, a irin wannan rana mutumin Jos zai sami sanarwar gwamnati a shafin ko kuwa?

Saurin buɗewa akwai na'urar auna shi kyauta. Ki sa adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, ki zaɓi sakamakon waya. Abu uku za ki ɗauka: babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa dannawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, sannan makin zamewar shafi kada ya wuce 0.1, wato irin tsallen da ya kai yatsan telan nan kan talla. Galibi za ki tarar hotuna ne matsalar, an ɗauko su daga kyamara da nauyinsu na megabait huɗu ko biyar an ɗora haka nan. Amma kada ki tsaya ga na'ura. Ki riƙe agogo ki buɗe shafin a Rayfield, ki buɗe a Gangare da Unguwar Rogo da Bukur, a layuka daban-daban, a Chrome da kuma Opera Mini da mutanenmu ke yawan amfani da ita don tattalin data.

Yanzu ga abin da littattafan waje ba za su jaddada miki ba, amma mu a Jos mun san nauyinsa. In gari ya ɗauki zafi, abu na farko da kowa ke son sani shi ne ko an sa dokar hana fita, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma a waɗanne ƙananan hukumomi. Uwa tana so ta san ko za ta bar yara su tafi makaranta, direban da ya taso daga Bauchi yana so ya san ko zai shigo. A irin wannan lokaci tsofaffin sanarwowi suna dawowa WhatsApp kamar yau aka yi su, kuma tsohon labari yana iya tayar da sabuwar fitina. Gidan talabijin na gwamnati shi ne ya kamata ya zama wurin da ake zuwa a raba gardama. To ki duba kowane labari: akwai kwanan wata cikakke, har da shekara da lokaci? Yana kusa da kanun labarin, ta yadda in an ɗauki hoton allo aka tura, kwanan watan zai bi shi? Rubutu irin "kwana biyu da suka wuce" ba ya da amfani a hoton da zai yi shekara uku yana yawo. In an sassauta dokar, ana komawa tsohon labarin a rubuta cewa an sauya, ko barinsa ake yi? Akwai wuri ɗaya sananne a saman shafi da ake sa sanarwar gaggawa? Ki sa wannan cikin ayyukan gwajinki: ki ce wa mutum ya ji ana cewa an rufe makarantu gobe, ya tabbatar miki daga shafin. In ya kasa samun ko "eh" ko "a'a" cikin minti ɗaya, ki rubuta shi a sahun manyan matsaloli, ko da launin shafin ya kai na dawisu.

Amana tana da wasu alamomi ƙanana da ake dubawa da sauri. Adireshin ya fara da https, burauza ba ta gargaɗin haɗari? Sunan shafin ya nuna na hukuma ne, kamar masu ƙarewa da .gov.ng, ko kuwa kowa zai iya buɗe mai kama da shi? Lambar wayar da aka rubuta ki kira ta, adireshin imel ki aika saƙo ki ga ko za a amsa. Jadawalin shirye-shirye kuma ki ɗauki mako guda kina kwatanta abin da shafin ya ce da abin da ke fitowa a akwatin talabijin. In kin sami dama ki tambayi ma'aikatan gidan wa ke sabunta shafin, kuma wa ke riƙe da kalmar sirri. Sau da yawa za ki ji ɗan kwangila ne ya gina, aka yi bikin buɗewa, ya tafi da makullin, babu wanda aka ɗora wa aikin kullum. Wannan ma tsari ne, kuma ya cancanci babi a kundinki, domin shafin da ma'aikacin ɗakin labarai ba zai iya ɗora labari a kansa cikin minti biyar ba, dole ya mutu.

Harshe kuma. Tashar tana karanta labarai da Hausa, wataƙila da wasu harsunan jiha irin su Berom, Ngas da Tarok, amma ki duba ko shafin ya san da haka. Mutumin da ya zo neman labaran Hausa bai kamata sai ya ratsa Turanci kafin ya kai gare su ba. Maɓallin sauya harshe ya kasance a sama, a bayyane, kuma in an danna shi komai ya sauya, ba kanun labari kaɗai ba. Ki duba haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ko suna fitowa daidai ko suna zama akwati ko alamar tambaya. Ki gwada wurin bincike: yawancin mutane "kasa" za su rubuta a waya, ba "ƙasa" ba, kuma ya kamata binciken ya kawo sakamako ko ta wace hanya aka rubuta. Ga waɗanda karatun boko ke yi wa nauyi, hoton mai gabatar da shiri da alamar kunnawa a kansa sun fi dogon suna amfani, domin mutane fuska suke ganewa.

Masu buƙata ta musamman kada ki mayar da su shafi ɗaya a ƙarshen kundi. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kada a ware su. Ƙa'idojin da duniya ke bi su ne WCAG, kuma na baya-bayan nan, 2.2, sun fito a Oktoban 2023. Sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, rubutu ya iya ninkuwa biyu ba tare da shafin ya wargaje ba, maɓalli kada ya gaza ɗigon allo (pixel) 24 tsawo da faɗi, ko da yake Google 48 yake ba da shawara ga wayoyin Android, kuma ni ma shi na fi so saboda yatsan dattijo. Ki fita tsakar rana ki gwada karanta rubutun, toka-toka a kan fari ɓacewa yake yi. Ki kunna TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi allo, ki rufe ido ki nemi maɓallin kallon kai tsaye. In abin da kike ji shi ne "maɓalli, maɓalli, hoto" babu suna, to makaho ba shi da hanya. Ga kurame, ki duba ko bidiyoyin suna da rubutun magana a ƙasa, kuma in tashar tana sa mai fassara da hannu a kusurwa, ki ga ko ana iya ganin hannuwansa a ƙaramin allo ko tambarin gidan ya rufe shi. Gwajinki da ido rufe share fage ne kawai. Jami'ar Jos tana da sashen ilimi na musamman, Gindiri kuma tana da makarantar makafi, ki nemi waɗanda da TalkBack suke rayuwa kullum su gwada miki, za su nuna miki abin da ba za ki taɓa lura da shi ba.

Ki leƙa tallace-tallacen da ke fitowa. Wasu gidajen suna barin kamfanin talla na waje ya zuba abin da ya ga dama, sai ka ga tallar caca ko ta maganin ƙarya a gefen shirin yara. In kuma shafin yana karɓar suna da lambar waya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta a gaya wa mutum abin da za a yi da su. Rumbun tsofaffin shirye-shirye ma ki gwada shi da aiki ɗaya: a nemo labaran daren Talatar da ta wuce. In sunan kowane bidiyo "labarai" ne kawai babu rana babu batu, to akwai su kamar babu.

Takardar tambayoyinki tana da wurinta, amma bayan gwaji, lokacin da mutum ya riga ya ɗanɗana. Maimakon ki ƙirƙiro taki, ki ɗauki SUS, ma'aunin sauƙin amfani da John Brooke ya tsara a 1986. Jimloli goma ne, kowace ana zaɓen 1 zuwa 5. A jimlolin mara, wato ta ɗaya, ta uku har ta tara, ki cire 1 daga amsar. A na cika kuma ki cire amsar daga 5. Ki tara duka ki ninka da 2.5, zai ba ki maki tsakanin 0 da 100. Matsakaicin da aka saba samu 68 ne, don haka shafin da ya ci 60 yana ƙasa da tsaka-tsaki, kada a karanta shi kamar sakamakon jarrabawa a ce ya ci. In za ki mayar da jimlolin Hausa ki yi a hankali, domin ɗaya yabo ce ɗaya suka, kuma in kina karanta wa mutum da baki yana iya bin ki da "eh" har ƙarshe. Inda makin ya saɓa da abin da idonki ya gani, ki rubuta duka biyun, ki ba abin da kika gani rinjaye.

Wajen rubuta sakamako, kada ki jera matsala hamsin a layi ɗaya kamar duk nauyinsu guda. Ki ware waɗanda suka hana mutum kammala aiki gaba ɗaya, sannan waɗanda suka ɓata masa lokaci ko data, sannan na kwalliya. Kowace matsala ki haɗa ta da hoton allo, da adadin mutanen da ta kama cikin waɗanda kika gwada, da gyaran da kike ba da shawara, ki kuma nuna wanda ma'aikatan gidan za su iya yi da kansu a mako guda ba sai an ba da sabuwar kwangila ba: fito da maɓallin kai tsaye sama, rage nauyin hotuna, sa cikakken kwanan wata, kashe bidiyo mai tashi da kansa. In waɗanda kika gwada da su sun yarda, ki ɗauki bidiyon hannunsu da allon kawai, ban da fuska, ban da suna. Minti biyu na yatsan mutum yana lalube ya fi shafi ashirin saurin motsa shugabannin gida.

Abin da za ki fara yi a wannan makon shi ne ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ki kai gidan talabijin ɗin, ki zauna da mai karɓar baƙi da wanda ke kula da shafin. A ranar kuma ki ɗauki hoton kowane ɓangare na shafin a waya da kwamfuta, ki rubuta kwanan wata a kan kowanne, domin suna iya sauya shi kafin ranar kare kundinki, kuma malaman da za su zauna a kanki za su buɗe shi a gabanki su kwatanta da abin da kika rubuta.